Zauren Kawu: "Shi ya ja ɗana ya karye, kuma shi ke kwana a gindin gadonsa"

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Saƙo biyu na ɗauko wannan makon, ɗaya daga uwa ɗaya daga yaro, ba su san juna ba amma in ka karanta sai ka rantse a tsakar gida ɗaya aka rubuta su.

TAMBAYA: Salam Kawu, dan Allah shawara nake nema, ni uwa ce a nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura. Yaron nan shekararsa 16 yana SS2, yana da wani aboki ɗan maƙwabtanmu tun suna ƙanana a Islamiyya tare suke, amma wlh ban taɓa jin sun faɗa ma juna magana mai daɗi ba, daga "kai ragon banza" sai "ɗan ƙauye", komi nasu gasa, cin tuwo gasa, ƙwallo gasa wannan Madrid wancan Barca, har hadda ma gasa suke. Bayan ƙaramar Sallah nawa ya saci makullin Lifan ɗin babansa shi kuma ɗayan ya ɗauko mashin ɗin yayansa suka hau Ring Road wai tsere, wai duk wanda ya fara taka burki shine mace. Nawa ya ɗaga mashin ya sauko kan yashi, ƙafa ta karye wuri biyu, goshi ɗinki bakwai, Allah dai ya taƙaita. Abun da ya ɗaure min kai shi wannan yaron shi ya ciccibe shi ya sa a Napep rigarsa jage-jage da jini, kwananmu huɗu a asibiti baya zuwa gida sai wanka, a baranda yake shimfiɗa tabarma, na kore shi ya fi sau biyar. Ranar na fito alwala cikin dare na same shi bayan ɗaki ya haɗa kai da bango yana kuka kamar ransa zai fita, amma gari na wayewa sai gashi da lemo a leda yana ɓare masa yana cewa "ai dama na faɗa maka baka iya ba, gurgu kawai." Nawa kuma yana dariya wai bari ƙafa ta warke ka gani. Babansa ya rantse in ya sake ganinsu tare sai ya saɓa masa, yace ma Funtua zai kai shi wajen ƙaninsa ya ƙarasa makaranta can. Ni zuciyata ta rabu biyu. Kawu wannan abota ce ko ƙiyayya? In bari a raba su?
Daga wata uwa, Katsina.

AMSA: Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa iyakar wahalar kenan. Sau uku na karanta saƙonki, kuma kin san abin da na fara lura da shi? Tun daga salam har ƙarshe baki kira sunan yaron ba ko sau ɗaya. "Yaron nan." "Nawa." Ɗan fari ne ko? Na san ba zaki amsa ba, kuma ba sai kin amsa ba. Kin kwana huɗu kan kujerar asibiti ba barci, ke kaɗai kika san abin da cikinki ya yi lokacin da aka ce miki ya faɗi, amma na tabbata in aka ce ki dube shi ido da ido gaban mutane kice "ina sonka" gara a ce ki ɗauki turmi ki zagaya Ƙofar Ƙaura da shi. To in ke da kika haife shi haka kike, shi a ina zai koyi faɗa ma ƙato ɗan uwansa cewa yana ƙaunarsa?

Ba laifi nake ɗora miki ba, haka aka gina mu. Mu ne fa ake ma kirari da ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Ki sake duba kirarin nan da kyau zaki ga yaran nan biyu a cikinsa tsaf, kunyar nuna so ta cika su, tsoro kuma an ce musu abin gori ne, to me ya rage? Sai a nuna son ta hanyar rashin tsoro. Kuma mu Hausawa dama mun daɗe da iya ɓoye ƙauna cikin tsiya. Kaka ta ce ma jikanta mijin banza mai rowa ko cefane bai iya ba, alhali shi take ɓoye ma nama a ƙasan kwano. Taubasai su haɗu a biki kamar za su cinye juna. Bakatsine ya ga Banufe ya ce bawansa ne, Bafulatani da Babarbare haka. Wanda baka damu da shi ba ai gaisuwa ce kawai tsakaninku, ina kwana lafiya lau kowa ya kama gabansa. Wanda kake ce ma gurgu kana ɓare masa lemo, wannan ya shiga rai. Matsalar guda ce, kaka da jika baki kawai suke amfani da shi, su kuwa samarin yanzu sun haɗa da totur.

Bari in ba ki nawa labarin don kar ki ce Kawu daga littafi yake magana. Muna yara akwai wani kududdufi bayan unguwarmu da masu gini suka haƙe suna ɗibar ƙasa, in damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, ruwan jajir ba ka ganin ƙasansa. Ni ban iya ruwa ba sai ɗan facal-facal a baki. Abokina ya tsallaka ya tsaya can ƙetare yana tsalle yana ce min matsoraci ɗan gatan inna, yara suna dariya, ni kuwa na cire riga na faɗa. Ban kai rabi ba ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa. Abin da nake iya tunawa shine ɗanɗanon laka a maƙogwarona da hannu ya damƙi wuyan wandona ta baya, ya jawo ni har gaɓa, ya danna min ciki na amayo ruwa, ina buɗe ido ya ɗauke ni da mari, hannunsa na rawa leɓensa na rawa, yace "ɗan iska da ka mutu wa zai biya ni kwabo hamsin ɗina?" Ba ya bi na ko sisi. Yau mutumin nan yana da jikoki, furfura ta cinye gemu, in ya bugo waya har yanzu "matsoraci kana nan?" yake fara cewa, kuma shekara sama da 40 bamu taɓa tada maganar ranar nan ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kududdufin nan ya ci yara, ba kowa ne ya samu mai kama masa wando ba.

Shi ya sa bana so ki ɗauki maganata kamar ina cewa a ƙyale su ƙuruciya ce. Ƙuruciya dangin hauka ce kuma masu bincike sun tabbatar ma kakanninmu zancensu. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke ce ma mutum dakata ka yi tunani, baya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25, shi kuwa sashen da ke jin daɗin yabo da burgewa tun farkon balaga yake kan ganiyarsa, kamar mashin ne sabon inji amma burki bai gama kamawa ba. A 2005 wani masanin halayyar ɗan adam a jami'ar Temple ta Amurka mai suna Laurence Steinberg shi da abokiyar aikinsa sun zaunar da mutane gaban kwamfuta suna wasan tuƙin mota, danja ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka tsaya ko ka yi kasada ka ci gaba. In yaro shi kaɗai ne tuƙinsa bai da wani nisa da na babba. Da aka kawo abokansa suna kallo, kasadar 'yan shekara 13 zuwa 16 ta kusa ninkawa, manya kuwa ko a jikinsu. Daga baya suka sake gwadawa, abokan ma ba a ɗakin suke ba, kawai yaron ya san suna kallonsa, nan ma haka. Kin ga kenan ba sai an zuga shi ba. Ɗanki da shi kaɗai aka aika da Lifan ɗin nan sayen kati lafiya lau zai je ya dawo. Idon wanda yake so ya burge shi ya ɗaga tayar gaba, kuma mutum baya wahalar burge wanda bai kai komi ba a wajensa.

Akwai kuma wata malama a jami'ar New York, Niobe Way, ta shafe shekaru tana hira da yara maza kan abota. Ta ce suna 13, 14 bakinsu a buɗe yake, yaro zai ce miki ba zai iya rayuwa ba abokinsa ba, amma suna kaiwa 16, 17 sai bakin ya rufe don kar a ce musu mata ko a yi musu wata fassara, son yana nan maganar ce ta mutu. Wannan a Amurka kenan, amma ki je majalisar mai shayi kowace unguwa a Katsina ki saurara ta katanga ki ji ko da bambanci.

To yanzu batun Funtua. Da girmamawa ga maigida, ni ban goyi baya ba. Fushinsa a kan hanya yake, mashin ɗinsa aka sata ɗansa ya kusa tafiya, kowane uba zai yi rantsuwar da ta fi wannan. Amma a tambaye shi cikin lalama, Funtua babu mashin ne? Babu kwalta? Yaro mai shekara 16 duk inda aka kai shi cikin sati biyu zai yi sabbin abokai, kuma sabon zuwa shi ya fi kowa buƙatar nuna shi ba rago bane, ga ɗingishi an sa masa suna tun ranar farko. Za ku ɗauke shi daga hannun wanda ya kwana a baranda saboda shi ku miƙa ma waɗanda in ya faɗi waya za su ciro su ɗauka su sa a TikTok. Abin da za a raba shi da shi makulli ne. Doka ma bata yarda a ba wanda bai kai 18 ba lasisi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, ba zazzaɓi ba ba yaƙi ba. Makulli ya koma aljihun babansa ko da barci yake, a je a samu yayan abokin shima a gaya masa haka, don rabin gangancin nan manya ne ke jingine mashin a zaure da makulli a jiki. Ranar da ya isa hawa kuma da hular kwano, ko za a yi masa dariya a yi, ɗinki bakwai ɗin nan na goshi da ita ce ta sha.

Sai abu na biyu wanda nake ganin ya fi na farko, kuma ke zaki iya shi ba sai da kowa ba. Yaron maƙwabtan nan, akwai wanda ya ce masa sannu? Na san amsar. Kowa harara yake aika masa, ke kin kore shi sau biyar, a gidansu ma na tabbata ya sha nasa, kuma shi a ransa ya riga ya yanke ma kansa hukunci cewa shi ya karya abokinsa, kukan bayan ɗakin kenan. Ki aika a kira shi lokacin da maigida baya nan. Ki zuba masa abinci da hannunki, ki bari ya ci, sannan ki ce masa kin gode da ya ɗauko miki ɗa bai gudu ba. Zai sunkuyar da kai yana wasa da cokali, ƙila ma ya ce ai ba komi Mama. Sai ki ce masa, ba da faɗa ba, "na ga abin da ka yi, na kuma ga abin da kuka yi. Daga yau amanarsa na hannunka, in ya sake hawa mashin kai zan tambaya." Hajiya wlh yaron da ya ɗauki abokinsa cikin jini ya riga ya ga abin da wa'azinki na shekara ba zai nuna masa ba, hanyar sauka kawai yake nema wadda ba za a ce ya ji tsoro ba, ke kuma kin ba shi. Gobe in nakin ya ce zo mu ɗana, yana da abin faɗa: Mama ta ba ni amana. Ba wanda zai kira wannan ragwanci.

Gasar kuwa kar ki ce zaki kashe ta, ba ta mutuwa, wuri za a canza mata. Ko a zamanin Manzon Allah SAW, lokacin fita Uhudu an mayar da yara gida saboda ƙanƙanta, aka bar Rafi'u ɗan Khadij don ya iya harbi, sai Samura ɗan Jundub ya ce ai ni ina kayar da shi a kokawa, aka ce to ku gwada, ya kayar da shi, shima aka bar shi. Ba a ce musu kai ku yi mana shiru ba, a gaban manya aka yi ta da ƙa'ida. Garin nan da Sarki Dikko ya kawo wasan folo, Sarki Usman Nagogo ya yi suna da shi har ƙasashen waje, ai ba za a ce bamu san yadda ake sa ma jinin samari linzami ba. Ƙwallo na nan, gudu na nan, musabaƙa na nan tunda kin ce har hadda suna yi, in ƙafa ta warke likita ya yarda su je su ƙarata.

Abu ɗaya zan ja kunnenki. Ba kowace irin wannan bace ƙauna. In kika ga kullum ɗaya ne ke shiga wuta ɗayan na gefe yana ɗaukar bidiyo, ko tsiyar ta daina ba ɗanki dariya ya dawo gida yana ƙunci, ko kuɗi sun fara ɓata a ɗaki, ido ya fara ja, an fara kwana a waje da wasu manya da baki san iyayensu ba, to wannan ba zancen lemo bane, hanyar ƙwaya da ƙauranci ce, ranar nan ni zan fara cewa a kai shi Funtua ko ma gaba da nan. Amma abin da kika rubuto min ban ga wannan a ciki ba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Daura shekarata 17. Ina da aboki tun firamare komi tare muke, ko hawan Magajiya tare muke bin dawaki. Da damina abokanmu suka ce mu je dam wanka ana dirowa daga saman dutse, ni nace ba zan yi ba saboda ban iya ruwa sosai ba, shine ya ce min mace gaban kowa har da wata kalma da ba zan iya rubutawa ba, nima na zage shi na taho. Yau wata biyu bama magana, in mun haɗu a masallaci kowa sai ya ɗauke kai. Wlh abun na damuna ko karatu bana iyawa amma in na je na same shi za a ce na yi laushi, kuma ban san me zan ce masa ba kar ya ɗauke ni wani iri. Dan Allah kar a sa sunana.

AMSA: Ɗana ba zan sa ba. Da farko ka yi daidai da ka ƙi dira, kuma ka sani tsayawa gaban abokai ka ce a'a ya fi faɗawa ruwa wuya, ni da na kasa yi na gaya ma Hajiya a sama yadda ta ƙare min. Wanda ya diro daga dutse cikin ruwan da ba ya ganin ƙasansa bai san ko kututture ne ke jiransa ba ko taɓo, gwanayen ruwa ma suna tafiya a haka balle kai.

Shi kuma mutumin naka, kar ka ɗauka yana can yana jin daɗi. Wanda ya manta da kai baya ɗauke kai in ya gan ka, gaishe ka zai yi ya wuce kamar kowa. Ɗauke kan nan aiki ne, sai an shirya ake yinsa. Zato na shine lokacin da ka ce ba zaka yi ba, shi abin da ya ji shine ka bar shi shi kaɗai gaban mutane, sai bakinsa ya riga hankalinsa, kalmar da ya faɗa kuwa bai kyauta ba kuma in kun shirya ka gaya masa haka ku biyu, sau ɗaya, kar ka maimaita.

Abin da ya ba ni tausayi a saƙonka shine "kar ya ɗauke ni wani iri." Mu da muka taso, maza biyu za su fito daga masallaci riƙe da hannun juna har kasuwa suna hira ba wanda zai waiga, dattawa har yanzu suna yi. Ku ne waya ta sa ma zargi a komi. Manzon Allah SAW ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal ya ce masa wallahi ina sonka, kuma ya ce in mutum yana son ɗan uwansa ya sanar da shi. Sannan kai ɗalibi ne ka san hadisin da ya hana ƙaurace ma ɗan uwa sama da kwana uku, ya ce mafi alherinsu wanda ya fara sallama, ku kuna wata biyu. In wani ya ce ka yi laushi ka ce umarni ka bi.

Amma na san ku, ko na cika shafin nan da hadisai ba zaka je ka ce masa na yi kewarka ba, kuma ni ban ce dole ba. Ka yi da yaren da kuka iya. Bayan la'asar ka sayi rake sanda ɗaya ka sa a sara maka biyu, ka je gidansu ka fara shiga ka gaida mamarsa, ita zata ce kai ina ka shige kwana biyu, ta ƙwala masa kira da kanta. In ya fito ka miƙa masa rabi ka ce "ungo, naji ance har yanzu kifi bai ɗauke ka aiki ba." In ya ce "matsoraci mi ya kawo ka" to ku samu dakali ku zauna. Ka rubuto min yadda kuka yi, kuma ka zaɓi raken mai kauri don ya ɗau lokaci kafin ya ƙare.